Abin da Gwaggo Ta Faɗa a Asibiti

Ranar Laraba, tara ga watan nan, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifinmu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Gwaggo, ke kika riƙe mu bayan rasuwar Mama. Ke ce mai ɗinke min wando da zaren da bai yi kala da shi ba, ki ce ai dai yagar ta rufu. In zazzaɓi ya kama ni, kina shafa min kai kina waƙa da yaren ƙauyenku, wanda Baba ya manta tun yana ƙarami, 'ya'yanki ma ba su ɗauka ba. A garin nan ke kaɗai kika rage da shi a baki.

Na girma na zama mai shirin harsuna a rediyo. Duk Asabar ina burge jama'a: harsunan duniya sun kai dubu bakwai, akwai masu hira ta hanyar yin fito da baki daga wannan dutse zuwa wancan, akwai waɗanda ba sa cewa dama da hagu, sai gabas da yamma. Kina saurare, rediyo a cinya. Sau nawa kika ce, "Malamin harsuna, namu fa? Yaushe za ka zo da na'urarka?" In ce sati mai zuwa. Shekara shida ina faɗin haka. Gaskiya raina shi na yi, don ban gan shi a littafi ba.

A asibiti, ana jibi za ki cika, Hausa ta kuɓuce miki. Kika riƙe hannuna, kika yi doguwar magana da yarenku, kina duban 'ya'yanki ɗaya bayan ɗaya. Babbar 'yarki ta juyo ta ce, "Yaya, me take cewa?" Duk ɗakin ni ake kallo. Na ce, "Cewa take ku yafe mata." Suka fashe da kuka, suka yafe.

Ƙarya na yi. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Waya tana aljihuna, amma kunyar a gane ban sani ba ta hana ni naɗar muryarki. Wataƙila wasiyya kika bari, wataƙila ruwa kawai kika nema.

'Yan'uwana, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Yau ni ke roƙon ku yafe min.

Allah ya jiƙan ki Gwaggo, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Shi da ya halicci kowane harshe ya ji abin da kika faɗa. Allah ya cika miki shi.