Zaren da Ke Kan Gilashi

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da aka zaunar da ni cikin jirgi marar inji, a wani fili can arewa da Doha, ɗan guntun jan zare ne da aka manna da salatif a kan gilashin gaba. Na ɗauka wani ne ya manta da shi. Malamin tuƙi, wani dattijo ɗan Sudan da ke zama a bayana, ya ce duk agogunan da ke gabana wannan zaren ya fi su faɗin gaskiya. In ya miƙe, jirgi na tafiya daidai. In ya karkace, hannun matuƙi ne ko ƙafarsa ke rawa.

Nawa kuwa ya ƙi miƙewa. Kuma ka san wani abu, mai karatu? Ba wannan ne karon farko da zare ya kai ƙarata ba.

Kakata, mahaifiyar babana, makaɗiya ce. Da an gama cirar auduga sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Har yau ina jin ƙararsa a kan 'yar ƙwarya, siririya kamar kukan sauro, da ƙanshin sabuwar auduga haɗe da hayaƙin murhu. Ni kuwa Allah ya yi ni ba na iya zama. Na hau katanga, na kori awaki, na faɗa rijiyar da ba a gama haƙa ba. Bulalar babana ta gaji, ni ban gaji ba.

Tsohuwar ba ta taɓa duka na ba. Sai ta tsinko zare daga mazari, ta ɗaura a wuyan hannuna, ɗaya bakin a babban yatsan ƙafarta.

"Maigida, zauna ka yi gadin matarka," in ji ta. "In ya tsinke, yau ba ƙanzo."

Ƙanzon tukunyarta kuwa, wanda take jiƙawa da nono, shi ne duk dukiyar da na sani a duniya. Zare ɗaya tal, ko kaza za ta tsinka shi. Ina jin abokaina na ihu a bakin rafi, ƙafafuna na ƙaiƙayi, hancina ma ya zaɓi lokacin ya fara nasa. Yawancin ranaku na kwana ba ƙanzo.

"Ke tsohuwa, zarenki ne ruɓaɓɓe."

"Miji kamar fara! Zaren nan riga ake saƙawa da shi. Daina kallonsa, kalli can."

Can ɗin shirwa ce, tana zagaye saman dutsen bayan gari ba ta ko kaɗa fiffike. Ranakun da na shagala da kallonta su ne ranakun da na ci ƙanzo.

Yanzu furfura ta fara, amma farar nan tana nan. Na bar koyarwa, na bar gari, na bar ƙasa. A Doha ma ɗakina na unguwar Najma shi ne na uku. Ranar Juma'a kaɗai nake da ita, kuma malamin ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ba zai bar ni in tashi ni kaɗai ba sai zaren ya zauna, ga zafi na dab da rufe filin har bayan bazara. Ni kuma ban san ko ƙarshen bazara zai same ni a ƙasar nan ba.

Juma'ar da ta wuce, bayan ƙaramin jirgin da ke jan mu ya kai mu sama na saki igiya, sai malamin ya ce daga baya, "Ya ustaz, wannan sandar tuƙi ce, ba muciya ba. Khalas, ya isa, daina tuƙa tuwo. Dubi bakin teku."

Na ɗaga kai. Ga rairayi, ga ruwa, ga dogayen benayen unguwar West Bay can nesa kamar an kafa allurai. Iska ta ɗaga mu a hankali. Da na saci kallon zaren, ya miƙe sambal. Murna ta kama ni, nan take ya karkace.

A garinmu yanzu ba mai kaɗi. An ce mazarin kakata wata jika ta mai da shi abin wasa, ya ɓata. Saura Juma'a ɗaya a rufe filin. Jiya abokin ɗakina, wani ɗan Zangon Kumasi, ya tarar na ɗaura zare daga hannuna zuwa ƙafar gado, ina kallon taga. Ya tambaya ko lafiya. Na juya in ba shi amsa, zaren ya tsinke.