Jan Ɗigon Baba Tawada

Baba Tawada bai taɓa mallakar farar rigar da ta yi mako guda tana fara ba. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai hoton fasfo, yana ɗura wa katirij, wato kwanson tawadar firinta, tawada da sirinji. Yatsunsa sun rine har ya daina wahalar da sabulu. Mutum ne mai sanyin magana, amma ka kuskura ka kira aikinsa jabu, nan za ka san ashe yana da murya.

Duk katirij ɗin da ya cika ya gwada, ya ga ya buga tas, sai ya ɗiga masa jan farce a gindi, ɗigo ɗaya tak. Jan farcen na matarsa ne. Ta yi mita har ta gaji, ta koma sayo kwalba biyu. Ma'aikatan ofisoshin layin kuwa da sun juya katirij sun ga ɗigon, magana ta ƙare.

Ana nan sai sababbin firintoci suka shigo, kowane katirij nasu da ɗan ƙarfe mai ruwan zinare a jiki, kamar na layin waya. Baba ya cika ɗaya yadda ya saba, ya saka, firintar ta ƙi ko motsi. Babbar 'yarsa, wadda ke aikin kwamfuta, ita ta warware masa.

"Baba, kamfanin ne ya sa hannu a cikin ɗan ƙarfen nan, da mabuɗin sirri da shi kaɗai ke da shi. Firintar tana duba sa hannun ta gane na gaske ne, amma ba mai iya kwaikwayonsa. Da tawadar farko ta ƙare kuma, ɗan ƙarfen ba ya sake shaidar katirij ɗin."

"To ni ɓarawo ne da za a yi mini kwaɗo?"

"Ba don kai aka yi ba, don masu jabu ne."

"Amma ai ni ya kama," in ji shi. Abin ya yi masa ciwo, ya daɗe yana jin haushin ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba.

Wata rana da hantsi Malama mai taifin, mai buga wa mutane takardu, ta zo. Shekara goma sha biyar tana kawo masa aiki, da tsohuwar firintarta mai ƙara kamar keken ɗinki. Ta ajiye katirij a kan tebur, da tarin takardun wani ɗalibi da baƙar tawada ta jiƙe. Ta ce ƙanenta ne ya sayo mata a kasuwa, don an ce masa daga hannun Baba ya fito.

"Baba, ga ɗigonka nan," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma mai agogo da mai hoto duk sun leƙo.

Ya juya katirij ɗin. Ɗigon ja ne, kuma a gindi yake. In maganar nan ta zaga layin, sunan da ya yi shekaru yana reno ya tafi ke nan, kuma shi kaɗai ne abin da ya mallaka.

Ya ari gilashin mai agogo ya ɗora a ido, ya ɓare takardar da ke saman katirij ɗin. Ramin ɗuri a tsakiya yake, an toshe da gam.

"Malama, tsohon da na cika miki yana jakarki?"

Ta miƙo. Ya ɓare, sai ga rami a kusurwar hagu, toshe da kakin zuma, a kan kakin akwai wani zane mai layi biyu. Ya murza sabon kaki ya danna da farcen babban yatsansa, wanda ya tsage tun ranar da ƙofar shagon ta datse shi yana saurayi. Layi biyun suka fito iri ɗaya sak. Ko matarsa ba ta san yana yin haka ba.

Malama ta sunkuyar da kai. "Ka yafe ni, Baba."

"Ba ki yi laifi ba, tambaya kika yi."

Ya wanke mata firintar, ya sake buga takardun ɗalibin. Sunansa ya tsira, amma abin ya tsaya masa a rai. Ashe duk mai kwalbar jan farce zai iya zama shi.

Tun daga ranar bai sake zagin ɗan ƙarfen ba. Aiki dai yana ta raguwa, tsofaffin firintoci na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ta Malama ce kawai ta ƙi mutuwa don ita ta ƙi barinta. Katirij mai ɗan ƙarfen nan da sabuwar firinta ta ƙi karɓa yana nan a kan kanta, cike, da jan ɗigon da ya sa masa duk da haka. Wata rana 'yar ta ɗauka za ta jefa a shara, ya riƙe hannunta.

"Bar shi, aikin mai kyau ne," ya ce. "Ita ma firintar tambaya ta yi, irin ta Malama. Idon da za ta duba farcena ne ba a sa mata ba."