Neman Taurarin da Suka Fashe a Safana

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki daga Batsari zuwa wata sakandare a Safana, hanya ba ta da kyau. Sai a yi makonni ban leƙa gida ba, don in an ji ƙishin-ƙishin ɗin 'yan bindiga ta wajen Runka, masu babura ma janye jiki suke yi. Haka na zauna a gidan malamai, in an tashi makaranta ba ni da wurin zuwa.

Akwai wani dattijo da ke koyar da labarin ƙasa, mutumin ƙauyen Babban Duhu, ya kusa ritaya. Gonarsa ta gagara zuwa, ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari. Kullum bayan La'asar yakan fito da tsohuwar kwamfutarsa ya zauna gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai, don nan ne sabis ya fi kamawa. Nakan gaishe shi in wuce. Ran nan, bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida da hanya, sai ya nuna mini benci.

"Zauna, Malam. Idanunka nike so ka ara mani."

Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Ya bayyana mini cewa akwai manyan na'urorin hangen nesa a wasu ƙasashe da ke ɗaukar hoton sama ba hutawa, hotunan sun yi wa masanan yawa, shi ya sa suke zuba su a intanet don masu sha'awa su taya su dubawa. Abin da ake nema shi ne tauraron da ya fashe a ƙarshen rayuwarsa, wanda suke kira sufanoba. Ya ce ya daɗe yana wannan aiki, ba wanda ya sa shi, tun da ɗansa ya nuna masa shafin.

Hotuna uku ke fitowa a jere: na da, na yanzu, sai na ukun da aka cire na da daga na yanzu. In wani sabon haske ya bayyana, a na ukun zai tsaya shi kaɗai. Da farko kowane ɗigo na gani sai in ce ga shi. Dattijon, wanda ni ma Malam nake ce masa, ya yi ta gyara ni cikin haƙuri. Wani tabo ne daga na'urar, wani dutse ne mai yawo a sama ya gifta. Na gaske yakan fito a dunƙule, gefensa sumul, yawanci a jikin wani garken taurari mai kama da hayaƙi. Ni nake dubawa in faɗa masa siffar abin, shi ya yanke hukunci, in danna amsar a shafin.

Damina ta wuce muna haka, yawancin ranaku ba abin kirki. Na saba da zaman, har in Malam bai fito ba nakan je ƙofar gidansa in yi sallama.

Wata Laraba, lokacin ana yankan gero, wani ɗigo ya fito a gefen wani garke mai murɗaɗɗun hannuwa. Na siffanta masa. Ya sa na ƙara girman hoton, ya kawo fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe.

"Ban ganin shi sosai. Kai mi ka gani?"

Na ce a ganina shi ne. Ya ce to in danna da bisimilla.

Bayan kwanaki muka tarar an rubuta a shafin cewa abin ya tabbata. Ba mu kaɗai muka nuna shi ba, akwai wasu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. An juya wata babbar na'ura wajensa, an rarraba haskensa launi-launi kamar bakan gizo, an ga alamar iskar haidurojin a ciki. Malam ya ce wannan shi ne nau'i na biyu, ƙaton tauraro ne makamashinsa ya ƙare, ya rufta cikin kansa ya tarwatse. Da ba a ga alamar ba, da nau'i na ɗaya ne, wanda sau da yawa ƙaramin tauraro ne mai nauyi ke zuƙar maƙwabcinsa har abin ya fi ƙarfinsa. Ya ƙara da cewa hasken ya baro can tun miliyoyin shekaru, yanzu ne ya iso. Ya yi tasbihi a hankali, ya aika aka sayo mana rake, muka sha har aka kira Magariba.

Da ya yi ritaya, ɗansa ya kai shi Katsina aka yi masa aikin ido. Ɗaya ya washe, ɗayan bai yi ba. Can ya zauna. Ni kuma daga baya aka mayar da ni Batsari, inda nake ci gaba da dubawa a wayata in na sami sarari. Matata ta fara leƙowa tana tambaya, yanzu ta fi ni saurin gane tabon na'ura. Ranar Juma'a nakan kira Malam, mu gaisa, ya tambayi ruwan bana da farashin taki, ya ce in gaida abokansa na ƙauyen Yasore da ke yankinmu in na shiga.