Jinin da Gwaggo Ta Wanke

Lokacin da aka cire mini turmin haƙori, a Kakuri nake zaune wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Na dawo daga asibiti da auduga cushe a baki, rabin fuskata kamar na aro. Likita ya ja mini kunne kada in kurkure baki ranar, kada in yi ta tofar da yawu, domin jinin da zai daskare a ramin shi ne murfinsa. A hanya ina ta tunanin ɗan gudan jinin nan, kwance lamo kamar ɗan tsuntsu a sheƙa.

Gwaggo na ganina ta ɗora ruwa a wuta.

"Buɗe in gani. Tir! Mataccen jini ne wannan. Da shi za ki kwana?"

"Gwaggo, likita ya ce a bar shi."

"Likita ya ce, likita ya ce! Shi ya haife ki? Mai jego ma da ruwan zafi ake fitar mata da shi, balle ramin haƙori. Ungo, 'yar boko."

Ta miƙo kofi yana tururi, da gishiri da jar kanwa a ciki. Na girgiza kai. Ta ce to in kwashe littattafaina in koma gidan likitan. Tana tsaye a kaina na kurkure, tana cewa in ƙara ƙarfi, har gudan ya faɗo a bakin makwarara. Ta ture shi da silifas.

"Kin gani? Ƙazanta."

Ba a daɗe ba ciwo ya taso, yana suka har cikin kunne, bakina yana wari. Na koma asibiti. Likita ya ce ƙashi ne a fili. Ya wanke wurin, ya cusa magani mai ƙamshin kanumfari, ya yi mini faɗa kamar ni na so. Gwaggo kuwa cewa ta yi hannunsa ne ba kyau.

A ɗakin wata ƙawata a Sabon Tasha na yi sauran jinyar. Can nake shan kunu mai sanyi, in riƙe ruwan gishiri mai ɗumi a baki ba tare da wasa da shi ba, in goge haƙora ina kauce wa ramin. Ya daɗe kafin ya cike.

Har yau Gwaggo na gaya wa maƙwabta ita ta warkar da ni. In ta fara, tashi nake yi in bar musu tsakar gidan.