Layin Da Ban Karanta Musu Ba

A lokacin ina aji biyu a babbar sakandare, kunya ta yi mini yawa, ko gaishe da Baba sai kaina a ƙasa. Amma ina lura da komai. Ni na fara ganin agogonsa yana yawo a hannunsa, furar da Inna ke dama masa kuma tana dawowa rabi.

Da aka kai shi asibiti a Daura aka yi hoto da gwajin jini, likita ya ce ciwon dajin hanta ne, amma ƙarin ɗaya ne kuma ƙarami. Ya rubuta takarda zuwa babban asibiti a Kano. Ni kaɗai ke jin Turanci a gidanmu, sai aka kira ni zaure. Na fara bayani cewa ana iya yanke wurin, ko a ƙone ƙarin da wata allura. Baffa, yayan Baba, ya katse ni, wai tun da yake bai taɓa jin an yanka hantar mutum ya tashi ba, kuma wane mai hankali ne zai bar gero a gona ya tafi Kano? A bari sai bayan girbi, kafin nan akwai mai jiƙo a garin Babban Mutum. Baba ba ya musu da yayansa. Saura layi ɗaya ban karanta ba, wanda likita ya ja wa biro sau biyu: kada a wuce mako biyu. Ina kallon layin, bakina ya ƙi buɗuwa. Inna ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin kwalla.

Wata huɗu ana ɗura masa jiƙo. Idonsa ya koma rawaya, cikinsa ya kumbura har ya daina ɗaure mazagi. Sai da gero ya shiga rumbu aka tafi Kano. Can aka ce ƙarin ya yaɗu, lokacin tiyata ya wuce, saura ƙwayoyin rage wa ciwon gudu da na sauƙaƙa zafi. Likitan ya tambayi wa ya karanta musu takardar, Inna ta ce 'yarta ce. Baffa kuwa ya dawo yana gaya wa mutane likitoci ba su iya komai ba. Baba bai ga wata damina ba.

Na san kwana na Allah ne, amma shirun nan yana ci na har yau. 'Yan uwa, in aka miƙo muku takardar likita, ku karanta ta har ƙarshe, ko wa ya katse ku. Geron nan yana nan muka ci shi a zaman makoki.