Munkaila da Ankon Kanada

Ku matso, ku gyara zama, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ma ya shigo, akwai wuri. Yau labarin Munkaila zan ba ku, mutumin Fagge, wanda ya shekara goma sha huɗu a Guangzhou yana saya wa mutane kaya yana ɗora musu a jirgin ruwa.

Da farko sati uku ya zo yi. Maigidansa na Kantin Kwari ne ya taho da shi ya riƙe masa jaka. Maigida ya gama sayayya ya koma, shi kuwa aka bar shi ya ga fitar kaya, to daga ganin fitar kaya har yau. Yaren China a bakin kasuwa ya tsince shi. Kullum da safe za ka gan shi ya fito daga tashar jirgin ƙasa a ƙafa, ya nufi manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan, yana tafe yana sauraron saƙonnin murya. Ba shi da shago, ba shi da mota. Abin da yake da shi suna ne: kayan Munkaila ba sa makara. Ya san ranar da lallai kayan Sallah su bar tashar Nansha, ya san satin da masana'antu ke rufewa, duk a ka.

Yana da ƙanwa, Mariam, ma'aikaciyar jinya a Winnipeg ta ƙasar Kanada. A watan Maris aka rantsar da ita ta zama 'yar ƙasa. Ba a jima ba ta turo masa saƙo, murya har rawa take don murna.

"Yaya, shekara takwas ina kallon bikin ranar ƙasar nan daga gefe kamar 'yar rakiya. Bana nawa ne. Matan Hausawan garin nan mun ce anko za mu yi, fari da ja, da ganyen nan na jikin tutarmu. Mu arba'in da biyu ne, kuma ni aka ɗora wa. Na ce musu su kwantar da hankali, yayana ba ya makara."

Munkaila ya yi dariya da ya ji "tutarmu". Ya ce ta bar komai a hannunsa. Bai tambayi rana ba. Me zai tambaya? A Najeriya inda aka haife shi, ɗaya ga Oktoba ake bikin ƙasa. A China inda furfura ta same shi, ɗaya ga Oktoba. Ƙasa biyu ya sani a duniya, duk rana guda. Sai ya ba da aikin atamfar a natse, har sau biyu ya sa aka sake bugu don jan bai yi masa ba. Ya nemi gurbi a kwantenar haɗaka mai zuwa Kanada, wadda kayanta za su isa cikin Agusta. Ga lissafinsa har da rarar wata guda da rabi na ɗinki.

Ranar lodi, sha biyu ga Yuni, yana tsaye a sito da hantsi tare da abokinsa Tankari, ɗan Dogondutsi ta Nijar, wanda shi ma wannan sana'ar yake yi. Munkaila yana ta fahariya.

"Ka gani? Kafin ɗaya ga Oktoba sun ɗinka, sun goge, sun gaji da jira."

"Mi za a yi ɗaya ga Oktoba?"

"Bikin ƙasarsu mana."

Tankari ya dube shi sama da ƙasa. "Bakano, wa ya ce maka ƙasashe duka rana ɗaya aka haife su? Tagwaye ne? Mu namu ukku ga Agusta ne. Ka tambaya kuwa?"

Munkaila ya buɗe baki ya rufe. Ya koma gefe ya kira Mariam, a can lokacin ta idar da magariba ke nan.

"Auta, bikin nan naku, yaushe ne ma?"

"Ɗaya ga Yuli mana, Yaya. Saura kwana goma sha tara. Dama ina so in tambaye ka, kayan sun kusa? Tela ɗaya gare mu a nan, har ta fara yi min ƙorafi."

"Sun kusa," in ji shi. Ya kashe waya, ya zauna a kan wani kwali, gumi na tsiyaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Da yake shi mai sammako ne, dilolinsa aka fara sakawa, suna can ƙuryar kwantena. Bayansu an jera tayil, da kujeru, da kwalayen fitilu na wasu mutane, an kusa kai bakin ƙofa. Ya je wurin mai siton, ya rusuna. "Laoban," wato maigida, "a taimaka a fito min da kayana." Mutumin ya kaɗa hannu ya ce ba hali, mota za ta tashi zuwa Nansha ƙarfe huɗu, ma'aikatansa ba za su yi aiki biyu ba. Munkaila ya ce to shi zai sauke, shi zai mayar, in an fasa ko tayil ɗaya a kama shi. Laoban ya dubi furfurarsa, ya dubi agogo, ya ce ya gwada.

Tankari ya cire rigarsa ya rataye. Ku san zafin Guangzhou a watan Yuni, iska kamar tururin tukunya, balle cikin akwatin ƙarfe. Haka dattawan nan biyu suka yi ta jido, Tankari na nishi yana tsiya.

"Shekara goma sha huɗu kana koya muna aiki, ashe kalanda ba ka iya ba."

"Ɗauki can gefen, malam, surutu ba ya ɗaga kwali."

Da ma'aikatan suka ga abin da gaske ne, biyu suka sa hannu. Huɗu saura kwata aka rufe kwantena, dilolin atamfa suna waje.

Saura ɗinki. Ko an tura ta jirgin sama, tela ɗaya ba za ta gama kayan mata arba'in da biyu cikin sati ba. Nan Munkaila ya daure ya sake kiran Mariam ya faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru har ya ɗauka layi ya yanke.

"Yaya, da wane ido zan kalle su?"

"Ba za ki ji kunya ba, in Allah ya yarda. Turo min awon kowa kafin gobe. A nan za a ɗinka."

Akwai wata 'yar China a hawa na biyar na ɗaya daga kantunan nan, ta daɗe tana yi wa 'yan Afirka ɗinki, ta san riga da zani, ta san ɗankwali. Ita ya kai wa. Awo ya iso a jere, da ɗan ƙarin bayani daga Mariam: "Ka sa a ƙara inci biyu a ƙugun kowa, na san halinsu. Ban da nawa." Munkaila ya sa aka ƙara har da nata.

Kwana shida aka gama, aka ɗora a jirgin sama. Daga nan sai jira. Kayan suka kwana huɗu a hannun kwastan na can, Munkaila ko tuwon gidan abincin da yake so bai iya ci ba. Ranar ashirin da tara ga wata Mariam ta turo hoton kwalaye a ƙofar gidanta.

Bikin kansa yana barci aka yi shi, don ranarsu darenmu ne. Da ya dawo daga sallar asuba ya tarar da bidiyo. Wani fili ne mai ciyawa a bakin kogi, ga mata cikin fari da ja, ɗauri ya tashi, yara na gudu da 'yan tutoci. Ga Mariam a gaba tana rera taken ƙasar da ƙarfi, tana share ido da gefen mayafi. Turawa na tsayawa suna neman a yi hoto da su. A ƙarshe ta juyo da wayar.

"Yaya, ka ga ƙasata? A nan na yi karatu, a nan na haifi 'ya'yana, yau kuma na yi mata ado irin na gidanmu. Allah ya saka da alheri. Kuma rigata ta yi min cif, ka ga amfanin faɗin gaskiya a awo."

Munkaila ya kalla sau uku. Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango, sannan ya ji yunwar kwana goma sha tara ta taso masa gaba ɗaya.

Har yau dai ba su gama musu ba. Shi ya ce mai ba da saƙo ita ke faɗin rana. Ita ta ce ɗan aike mai shekara goma sha huɗu shi ke tambaya. Tankari ya ce shi dai bayansa ne ya biya. To ku da kuka ji yadda aka yi, wa za ku ba gaskiya?