Kunnen Injiniya

Ba a makaranta ya samo sunan Injiniya ba. 'Yan ƙungiyar kiɗan da yake haɗa wa sauti ne suka liƙa masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, kuma yana da wata ɗabi'a da ba mai raba shi da ita: kafin a fara wasa sai ya bi lasifikoki ɗaya bayan ɗaya, ya manna kunne a jikin kowace, ya lumshe ido kamar mai zaɓen kankana. In an yi magana ya ce na'ura tana ƙarya, kunnensa ba ya yi.

A 'yan shekarun nan sai kiɗan ya riƙa yi masa dishi-dishi. Duk wasa sai ya ɗan murɗa maɓalli ya ƙara kaifin sauti. Mutanen sahun gaba suka koma baya, masu goyo suka riƙa ficewa. Injiniya ya ce mutanen yanzu ne ba su da juriya.

Rannan ana gwaji mawaƙiyar ƙungiyar ta ajiye makirufo.

"Injiniya, don Allah rage mana, har cikin haƙorana nake jin abin nan."

"Me kika ce?"

"To, kun ji ko!"

Kowa ya fashe da dariya, ban da shi. Daga baya ta ja shi gefe ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya ga likitan kunne, ko su nemi wani. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ba shi da wata sana'a sai wannan.

A asibiti likita ta sa masa abin saurare a kai, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya gyara zama, ya jira, ya jira, har ya ƙosa.

"Likita, ki fara mana."

"Baba, ai tun ɗazu muka fara."

Ta ce siraran sautuka ne suka daina isa gare shi, shi ya sa yake ƙara su, jama'a kuma su sha azaba. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma saura da yawa in ya kiyaye. Ta ba shi 'yan robobin toshe kunne na makaɗa, masu rage ƙarfin sauti ba tare da sun dagula shi ba.

Kunya ta ishi bawan Allah. Mai haɗa sauti da toshe a kunne! Ranar wasa ya jawo hula har wuya don ya ɓoye kunnuwan, ga zafi, gumi yana ta zuba. Mai ganga ya dube shi, ya sa yatsa a nasa kunnen ya zaro irin robar.

"Shekara shida ke nan, yallaɓai. Mai jita ma yana da su. Kai kaɗai muka kasa gaya wa."

Injiniya ya cire hular, ya zage su tas, sannan ya yi dariya har da hawaye. Ranar bai kusanci lasifika ba. Ya tsaya can bayan zaure, mawaƙiyar tana yi masa alama da hannu, yana ragewa. Sahun gaba ya cika.

Da ya koma gida da yamma, kunnuwan ba su yi masa dum kamar yadda suka saba bayan wasa ba. Yana kwance takalmi ya jiyo wata murya daga kicin, ƙasa-ƙasa, tana rera waƙa. Ya leƙa, ashe matarsa ce tana yanka albasa.

"Maman yara, yaushe kika fara waƙa?"

Ta juyo da wuƙa a hannu.

"Kullum in ka dawo nake yi," in ji ta. "Na ɗauka ba ta yi maka daɗi ne."